Arzika Mai Bin Sawun Ƙumba

Ranar da na fara kai wa matata Rakia tsarabar rijiya, da yunwa muka wuni. Ƙumba ce na tsinto a bakin wata rijiya da ake ginawa, irin ɓawon nan mai marfi biyu da mutanen kogi ke kawowa kasuwar Tawa, mata su saya suna kankare ƙanzo da shi. Wannan girmanta ya kai tafin hannu, ga zane a bayanta kamar an ja da tsinke. Nauyinta ya ɗan dame ni, amma na ce ai da ma abin kirki nauyi gare shi. Na miƙa mata ina hura hanci, na ce ga makankari na kyauta, an huta da na kasuwa. Ta sa a tukunyar tuwo, kankara ɗaya, gindin tukunya ya zube. Ashe dutse ce tun daga waje har ciki. Rakia ta ɗaga tukunyar, ta dube ni ta cikin ramin, ta ce in na tashi kawo wata tsarabar in haɗo da mai ginin tukwane.

Wanda ya fito da dutsen nan daga ƙasa shi ne Arzika ɗan Ciɗo, taubashina, ɗan ƙanwar babana. Ni, Manzo, direban ma'aikatar rijiyoyi ne, aikina in kai siminti da mutane in komo, in kuma tsokane shi duk inda na same shi, tun da haƙƙina ne na gado. Labarin dai nasa ne.

An haifi Arzika a ƙasar Kalfu, cikin Adar, shekarar da fara ta ci gero har da kara. Gajere ne, kafaɗa kamar ƙofar zaure, idanu kullum a tsuke, don rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta, hasken rana baƙo ne gare shi. Ubansa Ciɗo maginin rijiya ne, shi ya fara ɗaura masa igiya a ƙugu tun gemu bai tsiro ba. Zamanin Nasara aikin dole ya kwashi Arzika zuwa arewa, ya yi shekara uku yana gina rijiyoyin dabbobi cikin Buzaye. Ya dawo da tabo a goshi da kalmar Buzanci guda ɗaya, aman, wato ruwa, ya ce ita kaɗai ya ji ana maimaitawa. Daga nan bai sake wani aiki ba. Rijiya talatin da bakwai ya gina tsakanin Kalfu da Bambeye da Tebaram, kuma abin da ake yabonsa da shi ɗaya ne: bai taɓa fitowa daga rami ya bar shi busasshe ba.

Yana da wata al'ada da ya gada, wadda ba na gani wajen sauran magina. Duk zurfin gaba guda da ya gina, sai ya sa a ware masa cikin ƙwarya na abin da ya fito, ya zuba a ƙasa, tsibi bayan tsibi, a jere daga bakin rijiya ya nufi gabas. Kafin a yi wata guda sai ka ga rijiyar nan kwance a fili, kana iya bin ta da ƙafa. Ga jar marmara, ga tsakuwa, ga farin dutse. A cikin farin dutsen nan ake fara gamuwa da ƙumba, manya-manya, birjik. In aka ci gaba sai su rinƙa raguwa, suna ƙanƙancewa, har su ɗauke. Sai wata laka mai toka-toka wadda ba kome cikinta, Arzika na ce mata kufai. Bayan kufai ƙumba su sake bayyana, amma yanzu tare da wasu duwatsu naɗaɗɗu kamar ƙahon rago. Ƙahon rago na fitowa, Arzika zai leƙo sama ya ce mata su wanke tuluna.

Ciɗo ya bar masa bayanin abin, kuma bayanin ya zauna daram. Ƙumba mutanen wani gari ne na da, fari ya kore su, suka yi ƙaura zuwa ƙasa neman ruwa. A hanya suka rame, suka mutu da yawa, suka ƙetare kufai da ƙyar. Waɗanda suka kai, suka tarar da ruwa, suka yi ƙiba, har suka yi arzikin raguna. Saboda haka magini ba ya ɓata: ya bi sawun ƙumba, sun san hanya. Da wannan labari Arzika yake sauka rami, da shi yake jure zafin ƙasa da ƙarancin iska, shekara talatin ba abin da ya taɓa shi.

Shekara biyar da samun mulkin kai, cikin bazara, aka kira shi Gidan Alƙasum, wani ƙauye gabas da Kalfu mai gida ashirin da ƴan kai. Tsohuwar rijiyarsu ta rufta. Mata na tashi da jakai tun sanyin safiya zuwa wata ƙorama, su tona yashi su jira ruwa ya taru, su dawo rana tsaka. Ramukan nan ma kullum sai ƙara nisa suke. Mai gari Alƙasum, dattijo mai sanyin magana, ya faɗa wa Arzika gaskiya tun ranar farko: mutane sun ce ranar da yashin ƙorama ya bushe, ranar za su ɗaura wa jakai kaya, kowa ya kama gabansa. Garin da kakansa ya sara ba zai wuce bana ba sai in rijiyar nan ta yi ruwa.

Aiki ya tafi yadda aka saba har aka kai kufai. A sauran rijiyoyi kufai gaba ɗaya da rabi ne, in ya yi yawa biyu. A nan aka ci uku, aka ci huɗu, laka dai take fitowa. Magidantan da ke jan igiya suka fara duban juna. Arzika bai damu ba, ya ce hanya ce ta yi tsawo.

A kwanakin nan na kawo Malam Inusa. Sabon ma'aikaci ne da aka turo mana, mutumin Gaya ta bakin kogi, siriri mai tabarau, ya yi karatu a Dakar, ya kuma yi shekara biyu yana bin Turawa masu binciken duwatsu da ƴar guduma. An aiko shi ne ya auna zurfi da mita ya rubuta a kaye, wato littafin aikinsa, ba wani abu ba. Amma yana sauka daga mota ya ga jerin tsibin nan, sai ya manta da mita. Ya durƙusa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana hura ƙura, wandonsa na ofis ya koma launin ƙasa.

"Baba, wa ya koya maka wannan?"

"Ubana," in ji Arzika.

"Bayan wannan lakar me ke zuwa?"

Arzika ya buɗe burgaminsa ya fito da ƙahon rago guda da ya ajiye daga wata rijiya. Ganin yadda baƙon ya karɓa da hannu biyu ya sa bakinsa ya buɗe, ya ba shi labarin Ciɗo tun daga fari har raguna. Inusa ya saurara har ƙarshe, yana murmushi irin na mai ladabi. Da ya bar shi nan, da an rabu lafiya. Amma mai karatu da abin da ya sani kamar mai tari ne, ba ya ɓoyuwa.

"Labarin ya yi kyau, Baba. Sai dai ka fara shi daga wutsiya."

"Kamar ƙaƙa?"

"In ka buɗe rumbu, damin da ka fara cirowa shi aka fara sawa?"

"A'a. Na ƙasa anka hwara sawa."

"To haka ƙasa take. Na can ƙasa su ne na farko. Ba sauka suka yi ba. Da can ana zaune lafiya, ƙumba da waɗannan masu kama da ƙaho, dabbobin ruwa ne su ma. Sai wani abu ya faru, masu ƙaho suka ƙare ƙaf, ko ɗaya bai saura a duniya ba. Ƙumba ma sun mutu da yawa, amma wasu suka tsira. Su ne suka hayayyafa, suka cika wurin, su ne manyan nan na sama."

Arzika ya dubi jerin daga nan zuwa can, ya sake dubawa daga can zuwa nan.

"Ke nan gudun ruwa sunka yi, sunka hau bisa?"

"Ba su gudu ba. Ko'ina ruwa ne a lokacin. Nan duk teku ce."

"Ina?"

"Nan inda muke tsaye. Adar duka."

Na ce, "Malam, Adar ɗin da kare ka yawo da halshe waje?" Masu jan igiya suka yi dariya. Arzika bai yi ba.

"In ba su gudu ba, mi ya kai su bisa?"

"Laka ce ke kwanciya a kansu, ɗiya su zauna kan kabarin iyaye, haka haka har shekara miliyan sittin da wani abu."

"Shi miliyan ɗin nawa ne?"

Inusa ya fara ƙirga da yatsu, ya bari.

"To mi ya kashe ragunan?"

"Wannan ba wanda ya sani. Turawan ma gardama suke."

"Su ƙumba mi ya hana su mutuwa?"

"An ce yawanci ƙanana ne suka tsira, masu nutsewa cikin laka suna cin abin da ke cikinta. Ni na san masu rai a kogin garinmu, haka suke, sai ka taka su ba ka sani ba."

Arzika ya karɓi ƙahon ragonsa ya mai da burgami. Bai taɓa kawowa a ransa ƙumba na da rai a wani wuri ba. Inusa ya auna zurfi, ya rubuta, ya yi godiya ƙwarai, muka hau mota muka bar mutum da abin da muka ɗora masa.

Washegari Arzika bai sauka ba. Masu jan igiya suka zo, suka tarar da shi tsugune gaban jerin, suka jira har rana ta yi zafi suka watse. Kwana na biyu ma haka. Yakan tashi daga bakin rijiya ya bi tsibin zuwa gabas, labarin ubansa ya fito daidai. Ya juyo daga gabas zuwa bakin rijiya, labarin ɗan Gaya ya fito daidai. Duwatsu ɗaya, ba wanda ya motsa. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro shi ne maganar rumbu, don ya juya ta ta kowace fuska bai sami inda zai kama ta da ƙarya ba. Shi kansa in ya zuba ƙasa a kwando, ta farko ce ke ƙasa.

To in haka ne, shekara talatin yana bin sawu da baya, kamar mai neman raƙumi da ya nufi inda raƙumin ya kwana jiya. Rijiya talatin da bakwai, duk sa'a ce? In sa'a ce, ai sa'a na ƙarewa, kuma wa ya sani ko wannan kufan ne ƙarshenta. Da, in laka ta yi tsawo, yakan ce wa kansa su ma sun bi nan sun wuce. Yanzu ba wanda ya bi nan ya tafi ko'ina. Ya ɗauki igiya ya ɗaura, ya kai ƙafa bakin rami, ya janye ta. Mutumin da ya sauka gaba talatin yana waƙa, ga shi ya kasa gaba ɗaya.

Ya je wajen liman ya tambaya. Liman ya ce ai wannan a fili yake, ruwan ɗufana ne na zamanin Annabi Nuhu. Arzika ya ji ɗan sanyi, sai kuma ya ce to in dabbobin ruwa ne, yaya ruwa ya kashe su? Liman ya dube shi, ya ce lokacin azahar ya yi.

Alƙasum ya same shi a inuwar aduwa, ya zauna kusa da shi.

"Arzika, yau tulu shida anka samu a ƙorama. Gari duka."

"Na ji, Mai gari."

"Ni ban san karatun ɗan Gaya ba. In ka ga babu ruwa, ka hwaɗa mini, in sallami mutane tun jakkai na da ƙarhi."

"Ban ce babu ba."

"To akwai?"

"Ban ce akwai ba."

Alƙasum ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Wannan amsa ta fi masa ciwo a kan a ce babu.

Rana ta uku na dawo da siminti na tarar da gari kamar gidan makoki, taubashina zaune yana kallon laka. Na ce masa na ji labari an ce ya tuba da gina, zai buɗe lakwal, makarantar boko, ya koya wa duwatsu tafiya da baya. Ko kallona bai yi ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun muna yara. Ya ɗauki curin lakar kufai yana murzawa a tafin hannu. Can ya ce, kamar mai magana da kansa, "Ƙanana, ya ce. Cikin laka."

Daidai lokacin mata suka shigo gari daga ƙorama. A gaba akwai Kadidiya, yayar mai gari, tsohuwa mai baki kamar aska, tana kore da jaki mai tulu biyu, ɗaya ma rabi. Arzika ya tare ta.

"Inna Kadidiya, ba ni tulu guda, da rariyarki."

"Ƙishirwa ka ji? Ka yi aikin mi?"

"Ba sha za ni yi ba. Laka za ni wankewa."

Ta tsai da jaki. Ta dubi mata, ta dube ni, ko ni ne na sa shi.

"Tun assalatu nike tone yashi da hannuna. Kai munka kira ka ba mu ruwa, kwana ukku kana zaune kamar mai jego, yanzu ɗan wanda munka samo za ka yi wa laka wanka? Amarya ce?"

"Ba ni dai."

"Jikokina su sha mi?"

Arzika bai kauce daga gaban jakin ba. Alƙasum ne ya zo ya sauke rabin tulun da hannunsa, ya ce a ɗauka daga rabon gidansa. Kadidiya ta jefo rariyar daga bakin ƙofa, ta ce in ya gama ya sa wa lakar lalle.

Gari ya kewaye shi. Ya zuba laka a rariya, ya tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan yana murzawa da yatsa, wata mata ta tara ƙwarya a ƙasa don kada ko ɗigo ya tafi banza. Curi na farko, tsakuwa. Na biyu, ba kome. Ruwa ya kusa ƙarewa, gunaguni ya fara tashi. A na huɗu ya tsaya. Ya kai rariyar kusa da tsukakkun idanunsa, ya lashi ɗan yatsa ya ɗauko wani abu da bai kai ƙwayar dawa ba. Na leƙa. Ƙumba ce, da marfinta biyu da zanenta, ba abin da ya rage mata sai girma. Ya sake tonawa ya sami uku, sannan biyar.

"To, an samu ruwan?" in ji Kadidiya.

Arzika ya jera su a tafin hannu yana kallo. Ubansa ya ce kufai, shi ma ya ce kufai sau talatin da bakwai, ashe akwai masu gida a ciki. Wannan bai gaya masa ko hawa suke ko sauka ba. Ya ma ƙara rikita shi, don yanzu Ciɗo ya yi kuskure biyu, ɗan Gaya kuma da ya yi gaskiya shi ne ya ce bai san dalili ba. Amma abu ɗaya ya tsaya: bai fita daga hanyarsu ba, yana kanta.

"Mai gari, a kira masu igiya."

"Ka gane?"

"Ban gane ba. Hanya dai baki biyu gare ta. Wanga bakin na bisa na gan shi, babu ruwa."

Ya zuba ƴan ƙumbar a burgami, ya ɗaura igiya, ya sauka.

Kwana tara aka ƙara ana fitar da laka. A na bakwai yashin ƙorama ya bushe, gida uku suka ɗaura kaya suka tafi, Alƙasum ya raka su har bayan gari bai roƙi kowa ba. Sauran suka ce za su ƙara kwana biyu saboda kunya. Na yi abin da zan iya, na ciko ganga biyu daga Tawa na ce wa shugabana mota ce ke yawan zafi. Ran na tara da hantsi kwando ya fito da ƙahon rago a sama, naɗaɗɗe, rabinsa a karye. Kafin la'asar yashi ya fara fitowa da lema. Ruwan da ya taru washegari yana da ɗan zartsi, amma Kadidiya ta ɗanɗana ta ce ta sha wanda ya fi shi muni a gidan miji. Cikin gida ukun da suka tafi, ɗaya ya dawo.

Tun daga nan Arzika na jera tsibinsa yadda ya saba, sai dai ya daina ba da labarin. In baƙo ya tambaya, sai ya ce duwatsu ne. Inusa ya aiko masa da takarda mai hoton ƙumbar kogi, Arzika ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya naɗe taba da ita.

Ranar da aka gama ɗaure bakin rijiyar da siminti, na same shi zaune a gefenta yana sauraren guga na faɗawa ruwa. Na zauna na fara. Na ce yanzu da ya zama babban malami, ya warware mana: hawa suke ko sauka? Na ce in hawa suke, to su ma sun gaji da Adar ne tun kafin a haife mu. Na ce in sauka suke, ya gaya wa ɗan Gaya ya mai da kuɗin lakwal. Na ce kuma har yau ba a faɗa mini abin da ya kashe raguna ya bar waɗannan ƴan abubuwa marasa ƙafa marasa kai ba, ko wata dabara gare su da ta fi ta mai ƙaho?

Ya bari sai da na tsaya shan iska.

"Ƙumba ɗari na tono da hannuna, Manzo, kuma waɗanda sunka kai labari duk bakinsu a ruhe na same su. Gwada dabarar wuni guda mu gani ko kai ma ka yi tsawon rai."